Yadda Ake Wanke Cikin Robar Ruwan Lagireto

Farar robar nan da ke gefen lagireto an yi ta ne yadda haske zai ratsa ta, don mai mota ya ɗaga bonet ya ga inda ruwa ya tsaya ba sai ya buɗe komai ba. A yawancin motocin da suka kwana biyu a hannu, wannan amfanin ya riga ya tafi. Cikinta ya yi ja da tsatsa, ga kuma wani zobe mai duhu da ya kama daidai inda ruwa ya saba tsayawa. Zoben nan shi ne mugun. Mutum ya leƙa da safe ya ga duhu har kusa da layin MAX, ya rufe bonet ya kama hanya hankali kwance, alhali robar ta bushe ƙayau tun makon jiya.

Wanke ta ba sai an je gareji ba. Mai filaya da sifana lamba 10 zai iya a ƙofar gidansa cikin awa biyu ko uku, ban da lokacin jiƙo. Sai dai dauɗar da ke cikinta ba a nan ta samo asali ba, daga cikin inji ta taso. Don haka kafin ka kai ga sabulu, tsaya ka gane wace irin dauɗa ce, domin ita za ta nuna maka ciwon da ke ciki.

Fara sanin irin taka

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Tsakanin sanyin safiya da zafin da inji ke aiki a kai, wato wajen digiri 90, ruwan lagireto kan ƙaru da kashi 4 zuwa 5 cikin 100. A motar da ke cin ruwa lita 6, kusan rubu'in lita ke nan yake neman wurin zama, kuma robar ce masaukinsa. To amma robar iri biyu ce.

A Corolla da Camry da Accord da Civic na shekarun baya, murfin ƙarfe yana kan lagireton kansa. Robar tana gefe, da siririn tiyo guda ɗaya da ya taho daga wuyan lagireto, murfinta kuma ɓalle shi kawai ake yi. Babu matsi a cikinta. Inji ya yi zafi rarar ruwa ta zubo mata, ya huce ya zuƙe abinsa.

A Golf da Passat da Sharan, da Peugeot 206 da 307 da 406, da Mercedes da BMW da Opel, murfin da ke riƙe matsi yana kan robar ne, murɗa shi ake yi, kuma tiyo biyu ko uku ke shiga jikinta: babba a ƙasa, ƙarami a sama. Wannan tana cikin zagayen ruwan kai tsaye, tana ɗauke da matsin da kan kai bar 1.4 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne). Da irin wannan matsi ruwa kan wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana sassauta murfi sai ya tafasa nan take ya feso maka a hannu da fuska.

Abin da dauɗar ke nunawa

Jan laka mai kwanciya a gindi tsatsa ce, kuma tushenta ɗaya: an daɗe ana zuba wa motar ruwa zalla. Maganar da ake ji a gareji ita ce, "Alhaji, nan ai ba Turai ba ce, ba ƙanƙara muke yi ba, ruwa ma ya isa." Gaskiya ne ruwanmu ba ya daskarewa, amma kulant, wato ruwan nan mai kala da ake zuba wa lagireto, ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana ƙarfe da alminiyam cinyewa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa: haɗin rabi da rabi a ƙarƙashin murfi mai bar 1 sai wajen digiri 129 yake tafasa, ruwa zalla kuwa wajen 120. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san wannan tazarar ba abin rainawa ba ce. Injinan da gangar jikinsu ta ƙarfe ce, irin na Golf 3 ko Camry mai 2.2 ta 1997 zuwa 2001, su ne suka fi fitar da jan nan. Masu gangar alminiyam, irin 2.4 da ya biyo baya, dauɗarsu ta fi karkata ga fari-fari ko toka-toka.

Farin ɓawo mai tauri da ke kankaruwa da farce kuwa ma'adinan ruwan rijiya ko na burtsatse ne. Abin da ka gani a roba kaɗan ne daga abin da ya liƙe a siraran hanyoyin lagireto.

Idan ka ga abu mai yauƙi da danƙo, ko dai an gauraya kulant iri biyu da ba sa jituwa, ko an zuba maganin toshe yoyo, ko ɗanyen ƙwan nan da wasu direbobi ke fasawa a lagireto idan ya huje musu a hanya. Baƙaƙen ɓarɓashi ƙanana, tiyo ne ya tsufa yake ruɓewa daga ciki. Ƙasa zalla kuma takan shiga robar Toyota da Honda idan murfinta ya ɓata aka ɗaure bakin da leda, ƙurar hunturu ta yi ta samun hanya.

Wadda za ta sa ka ajiye sabulu tukuna ita ce mai maiƙo, mai kalar shayi da madara, da ke liƙe a ƙarƙashin murfi da saman ruwa. Mai ne ya haɗu da ruwa. Zai iya zama tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, zai iya zama oyil kula mai sanyaya baƙin mai a motocin da ke da ita, zai iya zama man giya a mota otomatik, domin a yawancinsu bututun sanyaya man giyar yana cikin lagireton ne, idan ya huje sai ruwan ya koma hoda-hoda mai kauri. Zaro sandar baƙin mai da ta man giya ka duba su ma. Idan mai ne, a fara gyara inda yake shigowa. Wanke roba alhali gasket na yoyo aikin baban giwa ne, kafin mako ta koma yadda take.

Kayan aiki

Filaya, sukundireba, sifana ko soket lamba 10, sai makullin Torx mai bakin tauraro ga wasu motocin Jamus. Baho mai faɗi, jarka mai murfi don tsohon ruwa, mazurari, tsummoki, safar hannu, tocila. Babban sirinji mai cin mililita 50 ko 60, irin na shagon magungunan dabbobi, da guntun siririn tiyo da zai shiga bakinsa. Na wanki kuma: sabulun wanke-wanke na ruwa, burushin wanke kwalbar jarirai, ɗanyar shinkafa cikin tafin hannu ko gishiri mai manyan ƙwayoyi, farin khal ko garin sitirik asid da masu haɗa lemo ke saye, bekin soda, da tataccen ruwa lita 2 ko 3. Tataccen ruwa shi ne wanda ake ƙara wa batir idan ruwansa ya ragu. A tabbatar mai shago ya fahimta, domin in ka ce "ruwan batir" kawai wani zai miƙo maka asid.

Sayi kulant ɗin da za ka ƙara tun kafin ka kwance komai.

Mataki na farko: inji ya huce, a kwashe ruwan

Lokaci mafi kyau shi ne da safe, motar ta kwana ba a tashe ta ba. In dole ne a yi da rana, a ba ta awa uku zuwa huɗu. Matsa babban tiyon saman lagireto da hannu. In ya yi laushi kuma ba zafi, ka ci gaba. In yana da tauri, akwai sauran matsi. Ɗora tsumma a kan murfi ka murɗa kaɗan, ka saurara. In ka ji huci, dakata har ya ɗauke sannan ka ƙarasa.

Ɗauki hoton wurin da waya kafin ka taɓa komai, don ka san wane tiyo ne na wane hanci da yadda wayar sensa, mai lura da raguwar ruwa, ta bi.

Sai ka zuƙe ruwan da sirinji kana juyewa a jarka. Kada a sa baki, ko da an saba yi wa fetur haka. Kulant guba ne, kuma abin da ya sa ya fi haɗari shi ne zaƙi gare shi. A robar Toyota da Honda wannan ma ba dole ba ne, ɗaga ta za ka yi da ruwanta ka juye. A mai matsi kuwa, bayan ka zuƙe na ciki akwai sauran ruwa a babban tiyon ƙasa. Ko dai ka buɗe magudanar da ke gindin lagireto ka rage lita ɗaya, ko ka tanadi tsumma da baho, kana zare tiyon ka ɗaga bakinsa sama ka toshe shi da tsabtatacciyar leda.

Mataki na biyu: cire ta

A nan ake yin ɓarna, ba a wajen wanki ba. Robar da ta shekara goma sha tana shan zafi ta riga ta bushe, kuma hancin da ƙaramin tiyo ke shiga shi ne ya fi rauni. Fara da soket ɗin sensa in akwai: danna harshensa sannan ka ja, ka riƙe soket ɗin ba wayar ba. Matse kunnuwan kilif ɗin da ya ɗaure tiyo da filaya ka ja shi baya a kan tiyo. Tiyon zai kasance ya manne. Kada ka finciko shi, kada ka lanƙwasa shi gefe. Kama shi kusa da baki ka murɗa hagu da dama a hankali har ka ji ya saki, sannan ka zare shi a miƙe. In ya ƙi, zuba masa ruwan ɗumi, ko ka zura siririn sukundireba a ƙarƙashin leɓen tiyon ka zagaya, ba tare da ka dogara da jikin robar ba. Garin gaggawar minti biyu mutum ya karya hanci, to sai sabuwa, domin babu gam ɗin da ke riƙe wannan wuri a cikin zafi da matsi.

Noti biyu ko uku ne ke riƙe da mai matsi. Ta Toyota da Honda galibi zura ta aka yi a kan wani ƙarfe, sama kawai za ka ja.

Tana fitowa, duba rubutun jikinta. Yawancin fararen za ka ga an buga PP, kuma wannan roba ba ta damu da khal ko sabulu ba. Baƙaƙe irin na wasu BMW da aka buga wa PA66 ba sa son tsami, a bar su a sabulu kawai. Akwai kuma na Golf 7 da 'yan uwanta na Audi da Skoda da aka rubuta wa "mit Silikat". A cikinsu akwai wata 'yar jaka mai ƙwayoyin sinadari, wadda in ta fashe ƙwayoyin kan je su toshe hita. Irin wannan ba a jijjiga ta da shinkafa, ba a jiƙa ta da tsami. In ta yi dauɗa sosai, canza ta ya fi.

Girgiza ta kusa da kunne. In ka ji wani abu na ƙwanƙwasawa a ciki, ɗan abin da ke yawo a saman ruwa ne yana gaya wa sensa ko ruwa ya ragu, kuma yawanci akwai maganaɗisu a jikinsa. A Golf da Passat kuwa ƙarafa biyu ne sirara suke leƙowa ciki. Ka san da su kafin ka zura burushi.

Mataki na uku: wankin kansa

Jerin yana da muhimmanci: ruwa, sannan sabulu, sannan tsami. Tsami ba ya ratsa maiƙo, in ka fara da khal a robar da ke da mai asarar khal kawai ka yi.

Ɗauraye da ruwan famfo sau uku ko huɗu har lakar da ba ta kama ba ta fita. Toshe hancinan da guntun leda da zaren roba. Zuba ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa har rabin robar, ka ɗiga sabulu kamar cokali ɗaya, ka rufe ka jijjiga da ƙarfi. Rabi nake cewa domin cikakkiyar roba ba ta wankuwa, sai ruwan ya samu filin dukan bango. Bar ta minti 15, ka sake jijjigawa, ka zubar, ka maimaita. In mai ne ya shiga, za ka yi wannan sau da yawa, kuma ƙwayar sabulun injin wanke kwanuka da ake samu a manyan kantuna ta fi kowane sabulu cin maiƙo, ga shi ba ta kumfa. Omo ma yana yi, sai dai a narkar da shi sarai tukuna kuma a san ɗaurayarsa tana da tsawo.

Inda burushi ya kai, a goge. Matsalar ita ce ba ya kaiwa ko'ina. Robar mai matsi an rarraba cikinta ɗaki-ɗaki da bangaye masu ƙananan ƙofofi, don ruwa kada ya riƙa tambal-tambal kuma iska ta rabu da shi. Waɗannan lungunan sai dai a aika musu da abin da zai goga.

Shinkafa ita ce aka fi sani. Cikin tafin hannu, da ruwan sabulu kamar kofi ɗaya, a jijjiga minti biyar ana jujjuya robar ta kowace fuska. Tana kankare zoben nan ba tare da ta karce roba ba. Amma a juye ta nan take, kada a bar ta ta jiƙa, domin in ta kumbura a wani lungu fitar da ita ya zama wani aikin. A ganina shinkafa ta robar Toyota da Honda ce, masu ciki ɗaya fayau. Ga mai ɗakuna da yawa na fi son gishiri mai manyan ƙwayoyi da ruwa ɗan kaɗan yadda ba zai narke duka ba, ko a haɗa shi da dakakkiyar ƙanƙara. Duk wanda ya maƙale, ruwan ɗumi zai narkar da shi ya fito. Sharaɗin kawai shi ne ɗauraya sosai, saboda gishiri yana cin alminiyam.

Ga tabon da ya ƙi ji a wuri ɗaya akwai dabara. Yanki ɗan soso, ka tsaga shi ka cusa ƙaramin noti a ciki, ka ɗaure da zare mai tsawo wanda bakinsa zai rage a waje. Jefa shi ciki, ka sa maganaɗisun tsohuwar sifika ta waje kana jan sa a kan tabon. Za ka ga soson yana bin hannunka ta cikin roba yana share wurin. In ka gama ka jawo zaren. Ban da robar da ke da abin yawon nan mai maganaɗisu.

Yashi da tsakuwa, a'a. Yashi yana karce cikin roba dauɗa ta ƙara samun wurin kamawa, kuma ƙwaya kaɗan da suka rage za su tafi kai tsaye wajen sil ɗin da ke hana yoyo a famfon da ke zagaya ruwa cikin inji.

Maiƙo ya fita, saura ja da fari. Yanzu ne lokacin tsami. Farin khal rabi, ruwan ɗumi rabi, ko garin sitirik asid babban cokali uku a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Wannan karon a cika ta har wuya, a bar murfin a buɗe. Farin ɓawo kan saki cikin awa ɗaya ko biyu, har za ka ga ƙananan kumfa na tashi daga jikinsa. Tsatsa ta fi taurin kai, tana iya kaiwa kwana. Sitirik ya fi khal cin tsatsa, kuma ba shi da wari. In robar tana da ƙarafan sensa a ciki, kada ta wuce awa biyu ko uku; gara a zubar a goge a sake sabon jiƙo.

Bayan ka zubar da tsamin ka ɗauraye, narka bekin soda cokali ɗaya a lita guda ka wanke da shi don ya kashe ragowar. A jere ake yi, ba a haɗe ba. Masu zuba khal da soda lokaci ɗaya suna jin daɗin kumfar, amma kowanne ya kashe ɗan uwansa ne, in kuma aka rufe murfi iskar na iya tsaga tsohuwar roba.

Bilic kuwa kada ya kusanci khal ko sitirik, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Shi kansa bilic ba ya cire tsatsa. Fetur da kananzir da tina suna barin saura da ke kumbura tiyo da sil. Sodar masu yin sabulu da asid ɗin batir kuma ɗigonsu kaɗan in ya bi ruwa ya isa ya fara cin lagireton alminiyam.

Wani abu da ke sa mutane wahalar banza: robar da ta koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya, ciki da waje, ba dauɗa ba ce. Zafi ne ya dafa robar kanta, kuma babu sabulun da zai mayar da ita fara. In kana ganin inuwar ruwa ta jikinta, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mataki na huɗu: ɗauraya da bincike

Cire ledojin hanci ka bar ruwa ya bi ta kowace ƙofa. Ci gaba har sai ka jijjiga ba ka ga kumfa ko ɗaya ba, sannan ka ƙara sau biyu. Sabulun da ya rage yana kumfa a cikin inji, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa. Kifa ta ta tsane, sannan ka haska tocila ta gindi ka leƙa kowane ɗaki, kana neman ƙwayar shinkafa ko ɓawon da ya saki bai fita ba.

Tunda tana hannunka tsaf, duba lafiyarta. Bi layin da aka haɗa sama da ƙasa, da gindin kowane hanci, da zaren wuya. Siraran fararen layuka ko wurin da ya kumbura alamar ta kusa fashewa ce. A mai matsi wannan hukuncinsa canji ne. In za ka sayi ta hannu a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka, je da taka a gwada, ka kuma yi wa waccan irin wannan duban a hasken rana.

Murfin da ke riƙe matsi ma, na kan roba ne ko na kan lagireto, a wanke shi da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori. Bawul biyu ne a cikinsa: ɗaya yana sakin matsi in ya yi yawa, ɗaya yana buɗewa in inji ya huce. In ka taɓa ganin babban tiyo ya shanye ya lotse da safe, na biyun ne ya maƙale. Robar bakinsa in ta tsage ko ta taurare, a sayi sabo mai lamba daidai da ta tsohon. Na lagireton Toyota da Honda yawanci bar 0.9 ko 1.1 ne a rubuce a kai.

Sai ƙananan tiyo, waɗanda aka fi mantawa. A Toyota da Honda, siririn da ya taho daga wuyan lagireto, da wanda ke sauka daga murfi zuwa gindin roba, dole su kasance a buɗe kuma ba huji. In akwai huji, inji zai tura ruwa waje amma iska zai zuƙo, sai ka ga roba cike lagireto kuwa babu ruwa. Tura musu ruwa da sirinji ka ga ya fita ta ɗaya bakin. A Golf da ire-irenta, ƙaramin tiyon sama shi ke dawo da iska da ɗan ruwa, kuma tsatsa na yawan toshe shi.

Mataki na biyar: mayarwa da cikawa

In abin da ka kwasa ja ne ko laka, kada ka ɗora tsabtatacciyar roba a kan ƙazamin ruwa. Mayar da ita, buɗe gindin lagireto ka zubar da komai, cika da ruwa mai tsabta, murɗa hita zuwa zafi, tashi inji har babban tiyon sama ya yi zafi, kashe, jira ya huce, zubar. A maimaita har ruwan ya fito garau, zagayen ƙarshe da tataccen ruwa. Jiran hucewar ba a tsallake shi, ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga kan silinda.

Kowane kilif ya koma kan tsohon shatinsa a jikin tiyo. Notin roba a ɗaure su daidai, ba da ƙarfin tsiya ba. A tuna da soket ɗin sensa.

A shago tambayar da za a yi maka ita ce, "Oga, ja ko kore?" Kala rini ce kawai, kamfanoni ba su yi yarjejeniya a kanta ba. Abin dubawa shi ne littafin motar da rubutun jikin galan. Volkswagen tana da G11 da G12 da G13, kuma sau da yawa an buga wanda ake so a jikin robar kanta. Toyota tana da ja na da, da kuma mai kalar hoda, Super Long Life, wanda a haɗe yake zuwa ba a ƙara masa ruwa, kuma kamfanin ya ba shi kilomita 160,000 a zubin farko, 80,000 bayan haka. Na Honda shuɗi ne, Type 2. Duba ko galan ɗin haɗaɗɗe ne ko mai kauri. Mai kauri ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa. A yanayinmu kashi 40 na kulant ma ya wadatar, amma in ya gaza kashi ɗaya cikin uku maganin tsatsar ya yi rauni. Zuba mai kaurin zalla kuma kuskure ne, bai kai haɗin ɗaukar zafi ba.

Zuba a hankali da mazurari. A Toyota da Honda, cika lagireto ta murfinsa har wuya, robar kuma tsakanin LOW da FULL. A mai matsi, tsakanin MIN da MAX, ba har baki ba, filin saman nan shi ne aikinta. Peugeot da BMW suna da ƙananan sukurorin fitar da iska, a Peugeot a jikin tiyon hita da wajen gidan tamostat, a BMW da yawa kusa da murfin. Sassauta su kana zubawa har ruwa ya fito ba kumfa, sannan ka ɗaure a hankali, na roba ne. Tashi inji, hita a zafi, kana matsa babban tiyo lokaci-lokaci, idonka a kan allurar zafi, har fanka ta tashi ta tsaya. A Golf ka leƙa ka ga siririn ruwa na zubowa daga ƙaramin tiyon sama in an ɗan taka totur. In allura ta haura inda ta saba, kashe, akwai sauran iska.

Tsohon ruwan a rufe shi a jarka a rubuta a jiki, ba a robar lemo ba, kuma ba a zubar a tsakar gida ko kwatar da awaki da kaji da kyanwa ke sha ba. Ruwan da ya zube a ƙasa a tsane shi da tsumma a wanke wurin. In yaro ya sha, asibiti nan take ko da an ga kamar lafiyarsa lau, domin da farko maye-maye kawai yake sa wa, ɓarnar ƙoda daga baya take bayyana.

Washegari da safe, kafin a tashi mota, duba robar. Raguwa kaɗan a kwana na farko da na biyu ragowar iska ce ta fita, a ƙara zuwa layi. Sa alama da maka a inda ruwan ya tsaya, ka riƙa dubawa kullum da safe har mako guda. In yana ci gaba da sauka, akwai yoyo, a sa makanike ya gwada da famfon matsi. In maiƙo ya dawo saman ruwa, ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa alhali inji na aiki, a nemi garejin da ke da ruwan gwajin nan shuɗi da ake ɗorawa a bakin roba. In ya koma ruwan ɗorawa, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa, sai a shirya buɗe tof silinda.